Makullin Baffa

Ranar da Baffa ya miƙo min makulli
bai sake shi nan take ba.
Ya riƙe gefe, na riƙe gefe,
tsohuwar motar na kwance a inuwar dalbejiya
a ƙofar gidanmu, Fadaman Mada.

Ya ce, Hansatu, shekara talatin da ɗaya
ina jan tirela tsakanin Bauchi da Yola,
ko ɗan akuya ban taɓa takawa ba.
Ba don na fi kowa iya sitiyari ba,
sai don duk wanda na tarar a titi
na ɗauka bai gan ni ba.

Kafin ki tayar, zaga ta sau ɗaya.
Taya ba ta magana sai ranar da za ta fashe.
Duba ruwa, duba baƙin mai, taka birki ki ji amsarsa,
leƙa ƙarƙashi, ko ɗan maƙwabta ya bi ƙwallo.
Sai bismilla, sai bel.
Ɗaure raƙuminki tukuna, sannan tawakkali.

Yanzu duk Litinin ina kama hanyar Alkaleri,
asibiti na jirana ƙarfe takwas.
A shataletalen Wunti kekuna na zuba kamar tururuwa,
wani ya kunna sigina hagu, ya yanka dama.
Sai in ji Baffa a kujerar da ba kowa:
kada ki gaskata fitila,
kalli tayar gaba, ita ce ba ta ƙarya.

Waya na ruri a cikin jaka.
Ta yi ta yi.
Wanda ke nemana da rai yake nemana.

Gab da gadar Dindima saniya ta tsallaka,
na ɗaga ƙafa, ban jira ta biyu ta fito ba.
Bayan ta biyu akwai ta uku,
bayan ta uku akwai yaro da sanda
wanda idonsa ke kan shanu, ba kaina ba.

Na san kamannin gaggawa.
Ina ganin ta a ɗakin hatsari,
tana shigowa kwance, da takalmi ɗaya,
’yan uwa na rantsuwa, wallahi hannunsa ne.
Hannunsa ne kuwa.
Amma gaskiya ba ta ɗora ƙashi.

Juma’ar da ta wuce, ina dawowa,
an yi yayyafi, kwalta na sheƙi kamar an shafa mata kuɓewa.
A gabana tirelar siminti tana nishi a hawa,
a bayana Sharon, hancinta a wuyana,
hon, fitila, hon.
Zuciya ta ce, ke ma fa kin biya kuɗin mai.
Na ƙirga tazara, ɗaya, biyu, uku, huɗu,
na bar tirelar da nisanta,
na matsa gefe inda titi ya miƙe.
Ya wuce, ya watso min daƙuwa ta taga.

Na same shi a shingen shiga gari.
Mota ɗaya ce tsakaninmu.
Duk gudun nan, rai tara a bayansa,
tsawon mota ɗaya ya saya.

Baffa baya gani sosai yanzu,
yana ya rufe idon da ya san kowane rami har Numan.
Amma kunnensa na nan.
Tun daga kwana yake gane kukan injin,
kafin in kashe ya riga ya gyara zama a tabarma.

Ba ya tambaya minti nawa na yi.
Sai ya lalubi hannuna, ya taɓa makullin,
ya ce, yau wa kika bari ya wuce?

In ce, mai Sharon, Baffa.
Ya ce, madalla.
Shiga, tuwo bai huce ba.