Mai Riƙon Ƙofa a Kathgodam

Shekara goma sha bakwai na yi da kaki,
bakwai daga ciki a kan dutsen ƙanƙara,
inda yawu kan daskare kafin ya kai ƙasa.
Ranar sallama aka ba ni bargo da takarda,
aka ce, Rautela, gwamnati ba ta manta ɗanta,
ga aiki a reluwe, je ka riƙe ƙofa.

Na riƙe.
Jar tuta, koriyar tuta, fitila mai shan kananzir.
Jirgin Delhi da asuba, na kaya da tsakar dare.
In rufe hanya, masu babura su zage ni,
in buɗe, su wuce ba mai waiwaye.
Ban taɓa makara ba. Soja ko ya tuɓe kaki
agogo na nan cikin ƙashinsa.

Albashi fa? A matakin sabon shiga aka ajiye ni,
kafaɗa da kafaɗa da yaron bara
wanda gemunsa bai gama shawarar fitowa ba.
Aka ce kuskure ne, za a haɗa shekarun soja,
a daidaita, a biya na baya dunƙule.
Lokacin Garima tana aji uku.
Yau ita ke buga mini wasiƙun,
tana gyara kalmomina, tana cewa,
Baba, wannan ce ta arba'in da ɗaya.

Fayil ɗina ya fi ni yawo.
Ya je Bareilly ya kwana wata takwas,
ya wuce Lucknow, aka ce ba hatimi,
ya dawo, aka buga, aka ce mai sa hannun ya yi ritaya.
Sau ɗaya muka yi ido huɗu da shi
a teburin Babu Pandey, ɗaure da jan zare,
an ɗora masa kofin shayi,
zoben shayin ya zauna daidai kan lambata ta soja.
Na ƙame, na sara masa.
Pandey ya ɗauka shi nake sara wa,
ya yi murmushi, ya ce in dawo gobe.

Mu huɗu muka kai kuka tare.
Dhami ya sayar da saniya ya biya lauya,
aka ɗage zama sai bayan damina, ba a ce wacce ba.
Koranga ya hau dutse, ya koma noman dankali.
Negi kuwa, tasa ta fito watan jiya,
an amince, har da ƙari,
ɗan gidan waya ya miƙa wa matarsa
kwana goma sha ɗaya bayan mun ba kogi tokarsa.
Ta ce in karanta mata. Na karanta.
A ƙasa an rubuta: mai haƙƙi ya zo da kansa.

Hemanti ta daina tambaya.
Da, in na shigo, hannuna take duba,
yanzu tukunya.
Rufin ɗakinmu na yoyo wuri uku,
kowanne mun ba shi kwanonsa,
na tsakiyar shi ne lotsattsen nan
da na ci shinkafa cikinsa a bakin iyaka.
Da dare ɗigon yana magana da muryar Pandey:
gobe, gobe, gobe.

An ce mai haƙuri kan dafa dutse ya sha romo.
Na ɗora. Itacen ne ya kusa ƙarewa.
Ba sadaka na roƙa ba, ba lambar yabo ba,
lissafi ne, Garima ta yi shi tun tana aji uku.

Ga ƙararrawa. Na ƙarfe huɗu da minti goma.
Na sauke sanda, na tsayar da gari.
Tarago na uku na wasiƙu ne, ja, marar taga.
Wataƙila yana ciki, da jan zarensa,
zai tafi ko zai dawo, ban sani ba.
Na ɗaga masa koriyar tuta.