Farin Yashi

Ƙarfe biyun dare waya ta yi kuka a gefen tabarma.
Badamasi ne, daga can ƙasar da rana ke rowa,
muryarsa na kaɗawa kamar gilashin tsohuwar Fijo a gargada:
"Baba, mota ta kafe.
Dusar ƙanƙara ta haɗiye tayoyi, ba kowa a hanyar."

Ni da ƙanƙarar da na sani a Daura
ita ce wadda Ilu ke sarawa da adda
a bakin kasuwa, yammacin azumi.
Duk da haka na laluba takalmina
kamar wanda zai je.

Na ce, ɗage ƙafarka daga totur.
Fushi bai taɓa fid da mota ba,
tayar da ke juyi a wuri guda kabarinta take haƙa.
Ba maganata ba ce, ta Sallau ce, Allah ya ji ƙansa,
ya faɗe ta a mashigin rafi, hanyar Baure,
ran da yashi ya kama mu da buhun gero ashirin,
ina yaron mota, haƙarƙarina a waje,
na yi haƙa da kwanon cin tuwo har la'asar.

Me ke cikin but ɗinka?
Ya ce, "Safaya. Da littattafai."

Littattafai!
Yaron da ya tashi yana leƙen nawa:
shebur mai guntuwar ƙota,
falanki biyu, jak, igiyar da ta taɓa jan motar liman,
tocila, jarkar ruwa, bargo mai warin giris,
da ƙullin ƙuli-ƙulin da Tasallah ke sabuntawa duk Juma'a.
Shi ne mai cewa, "Baba, shago kake yawo da shi."

Ban tuna masa ba. Ba lokacin ba ne.

Na ce, fara zagayawa baya, ka share bakin salansa,
motar da aka toshe wa numfashi
a kanka take hucewa.
Ɗauki littafin da ya fi taurin bango,
yau ya ci kuɗinsa,
kwashe abin da ke gaban kowace taya.
Zare shimfiɗun ƙafa ka cusa ƙarƙashi.
Sace wa tayoyin iska kaɗan, kaɗan na ce.
Miƙe sitiyari. Giya ta biyu.
Gaba taki ɗaya, baya taki ɗaya,
yadda uwarka ke jijjiga ka a goye
daren da ƙyanda ta hana mu barci.

Ya ce, "Baba, yatsuna ba sa ji."
Na ce, sa su a hammata, ka ƙirga ɗari, ka dawo.
Nan kam shaci-faɗi na yi.
Sallau bai koya mini wannan ba.

Tasallah na tsaye a bakin ƙofa,
carbi na gudu a hannunta.
Ta cikin wayar muka ji injin yana nishi,
ya yi shiru,
ya sake,
wani abu ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara,
sai dariya, irin tasa ta yana ɗan shekara bakwai:
"Ta fita! Baba, ta fita!"

Na ce, kar ka tsaya murna.
Sai ka ji ƙasa mai tauri, sannan ka koma wa shimfiɗunka.

Da hantsi na je inda tawa take,
shekara uku ke nan a kan duwatsu,
kaji na ƙwai a kujerar direba.
Na buɗe but. Komai na nan.
Na ɗaga shebur ina auna nauyinsa,
na ce, ko nawa gidan waya za su karɓa?

Tasallah ta ce, "Can ba su da maƙera ne?"

Na mai da shi wurinsa, kusa da igiya.
Ran Juma'a na gan ta
tana canza ƙullin ƙuli-ƙulin.