Gwangwanin Madam Kalyani

Ranar da Madam Kalyani za ta bar Samaru
akwatunanta sun cika sun batse,
sai ta miƙo wa Gwaggo Tasalla ta kan katanga
wani gwangwani mai faɗin faifai,
'yan kofuna bakwai a cikinsa
da cokali kamar na wasan yara.

Kurkum ya fara ƙarewa, a shinkafar suna.
Hulba ta tafi ɗakin mai jego.
Gurbi ya samu, kimba ta shiga,
masoro ya biyo, kanumfari, citta mai yatsu.
Daddawa ma ta nemi wuri,
Gwaggo ta ce a'a, ke ba kya zaman haya.

Kofin tsakiya ba a zuba masa komai.
Garin da ya zauna ciki, sunansa ya kuɓuce mana.
Na kai shi kasuwar Sabon Gari,
masu kayan yaji suka shinshina,
kowa ya girgiza kai.

Shekara talatin ke nan.
Murfi ya lotsa, cokali ya ɓata.
In Gwaggo ta ɗora miya
takan fara kai kofin nan hanci,
ta ɗan yi shiru,
sannan ta ɗebi masoro.