Katangar Amaru

Ƙanƙara ta riga ni tashi.
Ta kwanta kan ciyawar bakin tafkin Titikaka,
ni kuma ina jera tawa a akwatin sanyi,
ina lallaɓa kwalabe kamar mai ɗaukar ƙwai.
Wata zafi ke kashe ta, wata daskarewa.
Shekara goma sha tara ina goya su a baya.

Hawan tudun nan sai da numfashin aro.
Mata sun baje dankali a fili, sanyin dare ya tsotse shi,
sun jeru a gindin bangon makaranta,
hula a ka, goyo cikin mayafi mai ratsin ja,
kowace da katinta a ninke cikin leda.

Ni, Delfina Tarqui, da watanni na san ƙauyen nan:
ranar haihuwa, ɗan tabo a kafaɗa saboda tarin fuka;
wata biyu, allura a cinya, ɗigo a baki;
wata huɗu a sake, wata shida a kuma;
in shekara ta zagayo, ta ƙyanda.
Uwa takan rikita kwanaki,
kati ba ya mantuwa.

Casimira ta ɓoye jikarta a bayan siket.
"Mura take yi, malama, a bari sai wani zuwan."
Na taɓa goshi, na sa ma'aunin zafi.
Majina ce kawai, ga ta tana jan igiyar hulata.
"Mura ba ta hanawa, Iya. Wani zuwan da nisa,
ruwa na iya cinye hanya."
Ƙara ɗaya ta yi, ta koma kan igiyar.

Ɗan Eulogia kuwa jiki rau kamar garwashi,
ido ya faɗa, ya ƙi mama tun jiya.
Na mayar da kwalba.
Yau ba ranar allura ba ce, ranar asibiti ce.
Na yi alama a katinsa da fensir,
fensir, domin da sauran magana.

Akwai wadda na rubuta wa da jan biro:
Nayra, da ta kumbura a hannuna bara,
numfashi ya sarƙe kafin in rufe akwati.
Mun ƙwato ta da kyar.
Ita da waccan kwalba sun yi sallama har abada.
Sauran tana karɓa,
ina zaune kusa, idona kan agogo.

Sai Amaru.
Shekara uku, kai fes ba gashi,
jiya suka sauko daga motar La Paz.
Maganin da ke yaƙar dajin jininsa
ya kwance wa jikin ɗamara.
Allurar ƙyanda ƙwaya ce mai rai,
kare ne da aka cire wa haƙora;
ga Amaru, ko dasashi cizo ne.
Da kansa ya naɗe hannun riga ya miƙo,
don ya ga bayan kuka alewa ake bayarwa.
Na ba shi alewar.
Na saukar masa da hannun rigar.

Uwarsa ta ce, "To, shi wa zai tsare shi?"
Na nuna mata layi,
talatin da ɗaya, masu tsala ihu, masu ajiyar zuciya.
"Ga katangarsa nan.
Duk hannun da na huda yau tubali ne.
In ƙyanda ta hawo tudun nan, sai ta rasa ƙofa."

Ba ta ce kome ba. Ta bi su da ido, leɓe na motsi.
"Da saura biyu," in ji ta.
"'Ya'yan Severino suna bayan dutse da tumaki."

Rana ta karkata, gwiwata na kuka.
Na buɗe akwati, na taɓa ƙanƙara: da sauranta.
Na ja maɗauri.
Ta saɓa Amaru a baya, ta shige gaba,
ni ina binta, ina haki.