Tafinta

A ƙasan akwatin Yaya Tsahiru na same ta,
tsakanin takardun lakwal da tsohon rasit na wuta:
baƙar sanda, kanta ya goge har yana sheƙi,
igiyarta a naɗe kamar macijin da ya ƙoshi.
Bakinta haƙori goma sha biyar,
ɗaya ya lanƙwashe.

Na juya kwamfutata gaba da baya,
babu ramin da zai ɗauki wannan baki.
Ƴan ramukan yanzu sirara ne,
kamar da farce aka tsaga su.

Ila mai gyara, can bakin babbar kasuwa,
ya auna ta a tafin hannu, ya yi dariya:
"Wannan ai ta girmi shagona.
Harshenta ya mutu, sai da tafinta."
Sati uku ina jira
kafin direban Kano ya sauko da ƴar aba
wadda ba ta fi kwalin ashana biyu ba.
Jika bakwai, ban da kuɗin kabu-kabu.
Adafta, in ji Ila.
Ni dai tafinta na ci gaba da ce mata.

Ya miƙe haƙorin da hantsaki,
ya hura cikinta, ya goge da auduga,
yana gyara ina ganin wani ɗaki a Mokoyo
inda Yaya yake buga wa mutane takardu da rana,
in magariba ta wuce ya rufe ƙofa
ya zama matuƙin jirgin sama.
Bai taɓa taka matakalar jirgi ba,
amma ya sauka a biranen da bakinsa bai iya faɗa.
Ni ɗan shekara tara, rabona jan maɓalli kawai.
"Kar ka damƙe ta," in ji shi,
"riƙon ƙwai ake yi mata."
In aka ɗauke wuta muna tsakiyar gajimare
sai ya miƙe, ya kaɗe riga:
"To, mun sauka lafiya."

Daren Talata, a gidana na Bagalam,
na haɗa tsohuwa da tafinta,
tafinta da baƙon zamani.
Shiru.
Sai ƴar ƙara, ƙilin,
kamar cokali ya taɓa kofin shayi.
Sun gaisa.

Kwamfuta ta fara tambaya irin ta surukai:
kai ta dama, kai ta hagu,
zaga da ita kusurwa huɗu,
yanzu sake ta a tsakiya, ka danna.
Na sake ta.
Ɗigon da ke allon ya tsaya, ya yi rawa,
sannan ya sulale hagu
sannu-sannu, kamar akuyar da ta san gidansu.

Na sake. Ya sake.
Ila ya ce a waya: "Tsufa ne, ciki ya cinye,
akwai wurin da ake faɗa wa na'ura ta yi biris da shi."
Na ga wurin. Ban taɓa ba.
Yaya bahago ne,
shekara nawa hannunsa yana jingine a gefen nan.

Ramatu ta hau kujera, ƙafarta ba ta kai ƙasa,
ta kama da hannu biyu.
Jirgi ya ɗaga, ya bar fili,
ya fara karkata,
can wajen da in a garinmu ne, gulbi ke nan,
da gonakin taba, da hanyar da muka bi da shi ranar.

"Baba," ta ce, ba ta waiwayo ba,
"wani na ja."

Na ce, sassauta riƙo.
Ta sassauta.
Suka yi ta tafiya su biyu
har aka ɗauke wuta,
fanka ta ƙarasa juyinta na ƙarshe,
unguwa ta yi ihun da ta saba.

A cikin duhu na ji bakina yana faɗa,
da wata murya da ta girme ni:
to, mun sauka lafiya.