Daƙiƙa Huɗu

Ni ce mai zana ruwan sama.
A ɗakin aikinmu na Suginami, hawa na uku,
wasu na zana idanu, wasu na zana takubba,
ni kuwa shekara goma sha ɗaya
ina jera ɗigo bayan ɗigo,
har fensir ya yi mini kanta a yatsa.

Fim ɗin bana na matattu ne.
Wai in rai ya fita ba ya zarcewa,
sai ya yada zango a ofishin kayan tsintuwa
inda ake tara laimomin da aka manta a jirgin ƙasa.
Kowa ya bi layi, ya lalubo tasa.
Da ya buɗe ta, ruwa zai ɓalle daga ciki,
ruwan ranar da ta fi ci masa rai,
ya tsaya a ƙarƙashi ya jiƙe sharkaf
kafin a nuna masa ƙofar gaba.

Darakta Kuramoci ya ce, Shizuye,
ruwa iri arba'in nake so, kowane mamaci da nasa.
Na ce to.

Babana masunci ne a Hacinohe.
Sau uku ya kira ni a Nuwamban bara,
sau uku waya ta yi ta ɓari a kan tebur
ina cewa bari in kai ƙarshen shafi.
Shafi kuwa ba shi da ƙarshe.
Kira na huɗu muryar ƙanena ce.

Mu biyu muka tsince ƙasusuwansa daga toka
da dogayen tsinke, daga ƙafa zuwa kai.
Ashe mai jan taru shi kaɗai cikin hunturu
tulu ɗaya zai ishe shi, har da saura.

Ya bar mini saƙon murya na daƙiƙa huɗu.
Tari. Rediyo na faɗin yanayin teku.
Sai ya ce, a'a, ba komai.
Na saurara har na haddace tarin.

Daƙiƙa huɗu a wurinmu takarda arba'in da takwas ce.
Da dare, bayan kowa ya watse,
na saƙa wani tsoho a ƙarshen layin matattu.
Na ɗaura masa tawul a ka,
na ba shi ɗingishin ƙafar hagu,
da babban yatsan da igiya ta karkatar.
Shi bai zo neman laima ba.
Tasa na hannu, a naɗe,
yana ta waigen ƙofar shigowa
kamar yadda yake jirana a bakin makaranta
in hadari ya haɗo.

Kuramoci ya ce wannan ba ya cikin labari, a cire.
Na ce a cire daga albashina.
Ya zare tabarau, ya daɗe yana kallon tsohon,
ya ce ruwan da ke bayansa ya yi ƙarfi,
ki sassauta.

Ranar da aka fara nunawa na zauna can baya.
An yi kuka don yarinyar da ke jan fim,
an yi ta jan majina cikin duhu.
Tsohona ya ɗingisa, ya waiga, ya wuce.
Ko tari ba wanda ya yi.

A kan matakala, wani mai kwat ɗin ofis,
jaka a hammata, ido ja wur,
ya kara waya a kunne:
Mama, ni ne. A'a, ba komai.
Kin ci abinci?

Ban sani ba ko tsohona ne ya taɓa shi,
ko yarinyar, ko giyar da ya sha da yamma.
Ban tambaya ba.

A waje ana ruwa, na gaske,
wanda babu hannun da ya jera shi,
kowane ɗigo na faɗuwa inda ya ga dama.
Sai na tuna laimata tana ƙarƙashin kujera.
Na tsaya a bakin titi, na ɗaga fuska.
Gobe Litinin.
Saura ruwa iri tara na fim na gaba.