Jatau Ba Ja

Ta shigo shagona da la'asar sakaliya,
ruwan marka na ɗiga daga bakin lemarta,
ta ɗora waya a tebur kamar mai ajiye ƙwai.
"Babana ne," in ji Lantana. "Cire masa launi."

Na ce, Hajiya, mutane biya suke in ƙara musu.
Ta ce hoton innarta na bangon falo,
baƙi da fari, tun na mai hoton da ke shiga cikin ƙyalle,
shekara talatin ita kaɗai a kan ƙusa.
Yanzu mijin ya bi ta.
Ba ta so ya je gefenta da jar dara da koriyar riga
kamar baƙon da ya ɓata gida.

Na jawo shi kan allo.
Baba Jatau a kujerar roba,
bayansa katangar masaƙar Kakuri,
inda ya shekara ashirin da bakwai yana buga fure a atamfa
kafin injuna su yi shiru, ciyawa ta karɓi aiki.
Mutumin da ya ci tuwo da launi,
yau ni zan ƙwace masa.

Dannawa ɗaya ta isa, in aikin ganin ido ake so.
Na danna. Sai toka.
Hula toka, riga toka, fuska kamar tuwon jiya,
ja da kore sun zama uwa ɗaya uba ɗaya.
A'a. Ba haka ake yi wa dattijo ba.

Na koma baya, na bi launukan ɗaya bayan ɗaya
kamar mai sallamar baƙi a ƙofar gida.
Ja, yi duhu, riƙe masa kai.
Kore, sassauta, bar rigar ta sha iska.
Ruwan ɗorawan da ke kwance a goshi, taso kaɗan,
a wurinka haske yake kwana.
Na ƙona katangar har ta ja da baya,
na buɗe inuwar ƙarƙashin gira,
sai ga idanu biyu suna dubana
kamar ina riƙe masa da canji.

Aka ɗauke wuta.
Janareton mai aski ya yi tari uku, ya kama.

Hannu ya riga ya saba:
amare na kawo ƙuraje in share,
angwaye na so in rage tumbi.
Na kai linzami kan wani tabo a haɓarsa,
ta dafe min wuyan hannu.
"Bar shi. Bel ɗin inji ne, shekarar da aka haife ni.
Da shi na fara gane shi."

Sai na bar komai.
Layukan goshi, furfurar da ta tsere wa reza,
haƙorin da babu.
Na yayyafa ɗan tsaki-tsaki irin na tsohon hoto
don kada ya fi matarsa santsi.

Saura yatsu.
A wayar akwai shuɗi a gindin farcensa,
don bayan masaƙa ya koma rini a baho, bayan gida.
A allona shuɗin ya zama inuwa kawai.
Na ce ina iya barin wannan kaɗai da launinsa,
ana yi, har yayi ne.
Ta daɗe tana kallo.
Ta ce, "Inna ba ta taɓa barinsa ya shiga ɗaki
da rini a hannu ba."

Na buga. Takardar ta fito da ɗumi.
Ta sa shi a ƙarƙashin mayafi saboda yayyafi,
ta tare keke mai zuwa Barnawa.

Na juya zan rufe aikin,
kwamfuta ta tambaye ni ko in ajiye na asali.
Jar hular na nan, tana jira.
Na ajiye.